Kunnen Piyano da Hannun Makaɗi

Duk wanda ya tashi a gidan da ke da rediyo ya san kalmomin nan guda biyu, wato "ƙara" da "rage". In an zo labarun duniya sai maigida ya ce a ƙara, in an kira salla sai uwargida ta ce a rage, yaro kuwa aikinsa bai wuce ya miƙa hannu ya murɗa kunnen rediyon dama ko hagu ba. Ni ma da wannan sanin na girma, har na kai aji uku a jami'a ban taɓa zaton akwai wani abin koyo a cikin rage murya ba. Wani tsoho ne da bai taɓa shiga aji ba ya nuna mini kuskurena, a zauren gidanmu a Ƙaura Namoda. Labarin nan nasa ne, ko da yake ni ne na sha kunya a cikinsa.

Abin ya faru cikin shekarar 2022, sa'ad da malaman jami'o'i suka tafi yajin aikin nan na wata takwas, tun daga watan Fabrairu har Oktoba. Malamaina da za su karanta wannan su gafarce ni, ba gori nake yi ba, domin ba don zaman gidan da suka ba ni ba da ban sami abin rubutawa ba.

Mu gidanmu mahauta ne. Asalin kakan mahaifina mutumin ƙasar Zurmi ne, ya taso zuwa Ƙaura bayan da dogo ya iso garin a 1929, a lokacin da gyaɗa da auduga suka tara jama'a a bakin tasha. Mahauci kuwa inda taro yake nan yake kafa tukuba. To, kowa ya sani kalangu kiɗan mahauta ne, kuma kowane gidan fawa da ya amsa sunansa yana da takensa da makaɗinsa. Namu makaɗin shi ne wanda muke kira Baba Mai Kalangu. Ubansa ne ya yi wa kakana kiɗa, shi kuma ya gaji mahaifina. Ba mu haɗa jini da shi ba, amma tun ina ƙarami ban taɓa gaishe shi a tsaye ba. Yana zaune a wani ƙauye cikin ƙasar Zurmi, yakan zo mana da Salla da bukukuwa, ran Alhamis kuma ya bi mahauta zuwa kasuwar Shinkafi. In ka ji shi yana ba da labarin ƙuruciyarsa, ba ya rasa ambaton ranar da ya tsaya kusa da Kassu Zurmi yana yi wa 'yan tauri kiɗa, har ya manta da nasa kalangun da ke rataye a kafaɗa.

Ba sai na tsaya bayyana abin da ya sami ƙauyukan Zurmi da Shinkafi a shekarun nan ba, wanda bai gani ba ya ji. A 2021 Baba ya iso ƙofar gidanmu da buhu guda da matarsa da jikoki biyu. Mahaifina ya ba su ɗaki. Ba a yi wata uku ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi ta hagu. Ga wanda bai san kalangu ba sai ya ce ai da sauƙi tun da hannun dama ya tsira. Ina! Dama bugu kawai take yi. Hammatar hagu ita ce ke matsa tsarkiya fata ta ɗaure murya ta hau sama, ta saki murya ta sauko, ta haka ne kalangu ke bin karin sautin Hausa, sama da ƙasa da faɗuwa, har ya faɗi magana mai ji ya gane. Makaɗin da ya rasa hagu ya zama kamar mai bakin da ba harshe. Kangon kalangun nasa yana nan rataye a ƙusa cikin zaure, ɓeraye sun gama da tsarkiyar.

Shi ma mahaifina shekarar ba ta bar shi ba. A watan Satumba na 2021 aka rufe kasuwannin mako-mako a Jihar Zamfara, aka hana safarar dabbobi, aka kuma katse layukan waya. Mutumin da yakan kayar da sa biyu ran kasuwa ya koma yanka akuya guda yana jiran magariba ta yi kafin ta ƙare. Ya rage magana ƙwarai. Su biyun sukan zauna a zaure bayan la'asar, ba mai ce wa wani uffan, kangon nan yana bisa kansu.

Ana cikin haka aka sa ranar auren ƙanwata. Inna ta ce ita ba ta roƙi komai ba, ba ta ce a kira mawaƙa ba, amma 'yarta ba za ta fita gidan nan ba a ji taken gidan ba, yadda aka ji shi ran da aka kawo ta ita kanta. Aka dubi juna. 'Ya'yan Baba babu wanda ya gaji kiɗa, babban yana haya da babur a Gusau. Sauran makaɗan da ke gari kuwa sun san taken Sarkin Fawa da na kowa da kowa, namu na gida yana cikin kan mutum ɗaya ne tak, shi ne wanda ke kwance a zaure.

A nan ne ƙanena ya shigo maganar. Shi tun da ya gama sakandare ya laƙe wa wani situdiyo a Gusau, ya koyi abin da matasa ke kira piyano, har ya tara kuɗi ya sayo wani Yamaha na hannu daga Kano. Wanda ya saurari waƙoƙin finafinan Kano tun daga ƙarshen shekarun 1990 ya san muryar wannan na'ura, don kusan duk kiɗan da ke ƙarƙashinsu daga cikinta ya fito. Tana da haƙora farare da baƙaƙe, a cikinta kuma an ajiye muryoyin kayan kiɗa ɗaruruwa, har da gangunan da suka yi kama da namu. Abin da ya fi ba tsofaffi mamaki shi ne, in ka danna wani maɓalli ka yi kiɗanka, sai ta riƙe, in ka sake dannawa ta maimaita shi ita kaɗai ba hannun kowa a kanta. Ƙanena ya ce, in Baba zai faɗi taken da baki, shi zai zuba shi a cikin piyano, ran biki a kunna. Mahaifina ya yi tsaki ya tashi. Baba kuwa ya daɗe yana kallon kangonsa, sa'an nan ya ce, "Ɗauko abin nan naka mu gani."

Muka fara a daren da ya biyo, bayan isha'i, don lokacin ne zaure ke yin sanyi, batirin sola kuma ya cika. Baba ya jingina da bango, aka kifa masa ƙwarya a gaba. Yana faɗin kiɗan da baki, yana ƙwanƙwasa ƙwaryar da yatsun dama, ƙanena yana laluben haƙora. Ni aka ba ni aiki mafi ƙanƙanta, wato in zauna kusa da kunnen piyanon, in an kunna abin da aka ɗauka in ƙara ko in rage yadda Baba ya ce. Na karɓa ina murmushi, a raina ina cewa ɗalibin jami'a guda an mai da shi yaron rediyo.

Dare biyu aka yi kafin ƙafar kiɗan ta zauna. Da ƙanena ya nuna masa wata 'yar ƙafa da ke gefen hagu, wadda in ka tura ta murya ta hau in ka ja ta sauko, sai Baba ya yi dariyar da ban ji ya yi ba tun zuwansa. Ya ce, "Ashe shi ma yana da hammata!" Daga ranar sunanta ke nan a gidanmu.

A dare na uku aka kunna taken tun daga farko. Ni dai a kunnena ya yi. Baba ya rufe ido yana saurare, da aka kai wani wuri sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Rage nan." Na murɗa hagu. Ya buɗe ido ya ce, "Kai, ka kai shi bayan gari! Maido shi." Na murɗa dama. Ya ce, "Yanzu kuma ka hau mani kai." Aka sake kunnawa, aka zo wurin, ya ce a rage, na rage kaɗan, ya girgiza kai. Na rage ƙasa da haka, ya girgiza kai. Muka yi wannan ya fi sau goma. Barci yana idona, sauro yana cizo, sai na ji bakina ya ce, "Baba, ai abin nan hanya biyu gare shi, ko a ƙara ko a rage. Babu ta uku. In kunnenka ne ya fara nauyi sai ka faɗa mana."

Wallahi ban gama rufe baki ba na yi da na sani. Ƙanena ya sunkuyar da kai. Mutumin da ya rasa gida, ya rasa gona, ya rasa hannu, abu guda da ya rage masa wanda yake taƙama da shi shi ne kunnen nan, shi na taɓa. Na jira faɗa, bai yi ba. Ya ce, "Matso, ɗana." Na matsa. Ya kama hannuna ya shimfiɗa a gwiwarsa, ya sa yatsa ya bugi tafina da ƙarfi sau uku. Sa'an nan ya sake bugu sau uku, a hankali, kamar mai lallashin jariri. Ya ce, "Na yi nisa?" Na ce a'a. Ya ce, "Ina nan inda nike?" Na ce i. Ya ce, "To shi na nic ce ka yi. Kiɗi shi kwanta, amma shi tsaya nan kusa. Kai ko kora tai kakai." Ya saki hannuna ya ja bargo, ya ce a kashe, sai gobe.

Ban yi barcin kirki ba a daren. Da safe na ɗauki waya na shiga bincike, kamar yadda muka saba in an kayar da mu a musu, ina neman abin da zai wanke ni. Abin da na tarar duk shaidun Baba ne.

Na farko dai sunan na'urar kansa. Kafin a ƙirƙiro piyano, Turawa suna da wani abin kiɗa mai haƙora irin nasa, amma ko ka danna da ƙarfi ko a hankali murya ɗaya yake bayarwa, domin tsinkar tsirkiyar yake yi. Wajen shekarar 1700 wani maƙeri a birnin Fulorans na Italiya, Bartolomeo Cristofori, ya sa 'yan guduma a ciki masu dukan tsirkiya gwargwadon nauyin yatsa. Sai aka riƙa kiran abin da kalmomi biyu na Italiyanci, masu nufin "a hankali" da "da ƙarfi". Da tafiya ta yi tafiya aka yar da ta biyun, ta farkon ta zauna. Ashe kalmar piyano da muke ta faɗi ma'anarta "a hankali", kuma dalilin ƙirƙirarsa tun asali shi ne abin da Baba ya nuna mini a tafin hannu.

Na biyu, ashe wahalar da muke sha a zaure an sha ta a Turai da Amurka shekara ɗari da suka wuce. A ƙarshen ƙarni na 19 aka fito da piyano mai kaɗa kansa, wanda ake sa wa naɗin takarda mai huji-huji, iska tana bi ta hujin tana motsa haƙora. Takardar ta san wane haƙori za a danna da kuma yaushe, amma ba ta san nauyin hannu ba, saboda haka kiɗan yakan fito a miƙe kamar tafiyar soja. Dole wani ya zauna a gaba yana taka mafitai da ƙafa, yana jan 'yan sanduna da hannu, ya tausasa nan ya ƙarfafa can. Da na karanta wannan sai na ga kaina, yaron rediyo, na kuma gane aikin yana da magabata. A 1904 wani kamfani a Jamus ya fito da irin da ake kira Welte-Mignon, wanda ke riƙe har da nauyin hannun makaɗin. A zamaninmu kuma kamfanin Yamaha yana da Disklavier, wanda ya shiga kasuwar Amurka a 1987. Shi piyano ne na gaske mai tsirkiya da guduma, lantarki ke tura haƙoransa. In ka rage masa murya yana cikin kiɗa, dukan ne yake sassautawa, har in ka matsa da ragewa wasu haƙoran sukan motsa ba su yi sauti ba. Wannan da Baba ya gan shi da sun shirya.

Namu na zaure ba shi da tsirkiya ko guda, muryoyi ne da aka ɗauka aka ajiye. Amma shi ma yana da hanya biyu dabam da na haɗa su na mai da su ɗaya. Akwai wani tsari da kamfanonin kayan kiɗa suka amince da shi a 1983, ana kiransa MIDI, wanda a cikinsa kowane danni yana tafe da lambarsa ta ƙarfi, daga 1 zuwa 127. Danni mai ƙaramar lamba yakan fito da taushi, bakinsa a dunƙule, mai babbar lamba kuwa ya fito da kaifi. Wannan ita ce hanyar hannu. Kunnen da nake murɗawa ba ruwansa da wannan lissafi, shi a bakin lasifika yake tsaye, abin da ya zo masa duka yake ragewa ko ya ƙara, mai kaifi ya fito da kaifinsa sai dai ƙarami. Bugu mai ƙarfi da aka ƙanƙanta kuwa, kunne ya san shi sarai: shi ne kiɗan da ake jiyowa daga wata unguwa. Daɗin daɗawa, tun 1933 wasu masana biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka auna suka nuna cewa in sauti ya yi ƙasa, kaurinsa ne ke fara ɓace wa kunnen ɗan Adam. Ke nan duk sa'ad da na murɗa hagu, uwar kalangu mai kaurin murya ita nake fara kora, in bar 'yan ƙanana suna ƙyas-ƙyas. Bayan gari dai, kamar yadda tsoho ya faɗa.

Na kai wa ƙanena wannan bayani ina jin kaina, sai ya ce ai ya sani. Akwai maɓallin da ke sa haƙora su ji nauyin yatsa, shi ne ya kashe shi da gangan tun ran da ya sayi piyanon. Na ce don me? Ya ce masu ba shi aiki, 'yan siyasa da masu biki, ba mai son kiɗan da ke kwantawa. So suke kowane bugu ya fito cif da ɗan'uwansa, a ƙure lasifika, a ji a ƙarshen unguwa. In wuri ya yi taushi sai su ce na'urarsa ta lalace. Ban ga laifinsa ba, mai kiɗa don abinci abin da aka saya shi yake sayarwa. Amma na yi tunanin yawan waƙoƙin da na girma ina ji, waɗanda tun daga farko har ƙarshe ba inda suke numfasawa, na kuma gane dalilin da ya sa in na ji su a mota nakan sauka da ciwon kai. Mai karatu ya gwada da kansa: ya nemi tsofaffin waƙoƙin Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali ta ƙasar Shinkafi, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, ya kasa kunne ga kotsannin kaɗai. Zai ji yadda suke kwantawa in zai ɗora magana, su taso in 'yan amshi sun karɓa, alhali ba wanda ke murɗa musu kunne.

Da la'asar na sami Baba na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce, "Mi ya faru?" kamar bai san zancen ba. Irin yafewarsu ke nan, ba su barinka ka ji daɗin an yafe maka.

A daren nan aka kunna maɓallin nauyin yatsa aka sake ɗauka daga farko. Aiki ya dawo sabo, domin yatsun ƙanena sun saba da duka iri ɗaya, ga shi wasu haƙoran sun tsufa, sai ka lallaɓa su su yi shiru, ka ɗan ƙara su yi tsawa. Baba ya sa shi ya ajiye piyano ya yi ta bugun ƙwarya, ƙarfi uku taushi uku, kamar ɗan koyo. Muna cikin haka, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, aka ƙwanƙwasa ƙofar zaure. Maƙwabcinmu ne, da tocila a hannu. Gidanmu yana gefen gari ne, bayanmu sai gonaki. Ya yi sallama, ya gaida Baba, sa'an nan ya ce, "Don Allah samari a ɗan rage. Ba don barci ba. Muna son mu riƙa jin waje."

Ba wanda ya tambaye shi abin da yake son ji. Haushin kare, ko ƙugin babura da yawa a lokacin da bai kamata ba. Kafin in motsa, Baba ya miƙa hannunsa mai lafiya ya kama kunnen piyanon, karo na farko da ya taɓa na'urar, ya murɗa shi hagu har kiɗan ya koma kamar kukan sauro. Bayan maƙwabcin ya tafi ya ce mana a ƙauyensu an yi shekara biyu ba a jin rediyo sai an kara shi a kunne, biki kuwa da hantsi ake yinsa a watse kafin la'asar, ba ganga ba guɗa. Ya dubi kunnen nan ya ce, "Wanga ragi kam ya iya shi." Sauran daren a haka muka yi aiki, kawunanmu uku a haɗe bisa lasifika, kowa da kunne guda a waje.

Kwana tara aka yi kafin Baba ya saurari taken daga farko har ƙarshe bai ɗaga yatsa ba. Da ya ƙare ƙanena ya tambaye shi ko ya yi. Ya ce, "Hoto na. Amma mai shi za ya gane kainai." Ban taɓa jin an yaba aiki an kuma ajiye shi a matsayinsa da kalmomi kaɗan haka ba.

Na ɗauka aikina ya ƙare tun da taushin ya shiga cikin kiɗan, ashe yanzu ya fara. Take ba ya tafiya shi kaɗai, akwai kirari da ake ɗorawa da baki, kuma Baba ya ce wannan ba za a zuba shi cikin na'ura ba muddin yana numfashi, shi zai yi da bakinsa. To, muryarsa ta raunana tun ciwon, ba za ta iya hawa kan lasifika ba. Da can yaransa masu ƙananan kalangai su ke sassauta hannu in ya buɗe baki. Yanzu na'ura ba ta ganin bakin kowa, kuma shi ba ya shiga a wuri ɗaya kullum, sai inda ransa ya ba shi. Saboda haka dole wani ya zauna ya buɗe masa hanya, ya rage in zai yi magana, ya maido in ya rufe baki. Ya koya mini kada in fizga, in fara zamewa tun yana jan numfashi, kada kuma in wuce inda uwar kalangu za ta ɓace. Ƙanena ya ɗauko jan farcen amarya ya ɗiga alama biyu a gefen kunnen, ta sama da ta ƙasa, tsakaninsu bai fi faɗin yatsa ba. Na tambayi Baba yadda zan san zai shiga. Ya ce yaransa ba su taɓa kallon bakinsa ba, babban yatsan ƙafarsa suke kallo. Na duba, ai kuwa kafin kowace magana sai yatsan nan na dama ya ɗaga daga ƙasa.

Ran Asabar da hantsi aka yi abin, a ƙofar gida, don a sallami baƙin Zurmi da na Shinkafi su kama hanya da rana tsaka. Aka fito da Baba aka zaunar da shi a kujera, ya sa aka sauko da kangon aka ɗora masa a cinya, ba fata ba tsarkiya. Ƙanena ya danna maɓalli ya janye hannunsa. Ni ina tsugune a ƙasa, yatsuna biyu a kan kunne, idona a kan ƙafar tsoho. Ban ga fitowar amarya ba, ban ga Inna ba, an dai ce mini ta yi kuka. Abin da na gani shi ne yatsa ya ɗaga, na zame hagu, muryar Baba ta fito tana rawa ta kira kakan mahaifina da sunan da ban taɓa jin an kira shi da shi ba, ta sauko kan kakana, yatsa ya kwanta, na maido. Sau ɗaya na makara, kiɗan ya danne masa kalma biyu, ya harare ni ta gefen ido ya maimaita su.

A karo na huɗu da ya shiga sai na ga wasu ƙafafu sun tsaya a gabana, na san takalman. Mahaifina ne, wanda ya yi tsaki ran da aka kawo shawarar, bai kuma leƙo zaure ko sau ɗaya ba cikin kwanakin nan. Ya tsaya shiru har aka kai ƙarshe. Sa'an nan ya sa hannu a aljihu ya fito da kuɗi, ya dubi piyano da ke kaɗa kansa, ya dubi ƙanena, kamar mai neman goshin da zai liƙa wa. Ya juya ya liƙa wa Baba.

Da aka watse Baba ya kira mu zaure ya sa aka ƙirga. Ya raba uku ba daidai ba, ya ɗauki babban kaso, ya ba ƙanena na biye, ya miƙo mini naira ɗari biyar. Na ce Baba ai ni ban yi kiɗa ba. Ya ce yaron da ke riƙe ƙaramin kalangu ma ana ba shi nasa, in karɓa, amma in tuna na danne masa kalma biyu.